Wuƙar hafsan Jamus da na saya, da abin da baƙin ɗigo ya ɓoye

Wata uku na yi ina tara kuɗin wuƙar nan, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai. Wuƙar ado ce ta hafsoshin sojan ƙasa na Jamus, samfurin 1935, mai ƙota ruwan goro, ƙirar kamfanin Carl Eickhorn na garin Solingen a Jamus. Ku da kuke cikin harkar kun san yadda ake tsuga kuɗi a kan duk mai tambarin kurege, wato tambarin kamfanin nan. A shafin intanet na gan ta, ko tayi ban yi ba, yadda mai kayan ya faɗa haka na biya.

Kwana huɗu kaya suka iso, an naɗe su tsaf. Ruwan wuƙar fes, ba tsatsa, ba wanda ya taɓa wasa ta, da ma ba don yanka aka ƙera su ba. Kuregen yana nan raɗau a gindin ruwan. Har na fara sa wa mutumin albarka.

Sai idona ya kai kan gaggafar da ke jikin ƙarfen da ya raba ƙota da ruwa. A hotunan talla an ɗora baƙin ɗigo a ƙarƙashin ƙafafunta. Ban kawo komai a raina ba, don a nan Jamus sashe na 86a na dokar laifuka ya hana baje alamar 'yan Nazi a fili, dillalai kan rufe ta a hoto. Ashe ɓarna aka rufe! An bi wurin da magagari an kankare alamar, kankarar ganganci kuwa, har ta cinye faratan gaggafar, ruwan azurfar wurin ya tafi. Na san bayan 1945 mutane da yawa sun yi wa kayansu haka. Amma irin wannan farashinta daban ne, ƙasa sosai, shi kuwa ya rubuta cewa hannu bai taɓa ta ba tun daga masana'anta.

Da dare na zauna ina jujjuya ta, sai zuciyata ta ɗan sauko. Ni baƙar fata ne, na san matsayin da masu waccan alama suka ajiye irina. Aikin maƙeran Solingen nake bi, ganyen da aka zana a kan ƙota, da yadda aka goge ruwan. Uwargida ma cewa ta yi gara haka, aƙalla baƙo ba zai shigo falo ya yi mana wata fassara ba. Na ce to, tauraro huɗu zan ba mai kayan a shafin, a wuce wurin.

Washegari na mayar da ita kube, na ji tana ƙwal-ƙwal a ciki. Wuƙar da ta shekara 80 da kubenta ba ta rawa haka. Na kai wa wani dattijo da muke haɗuwa a kasuwar tsofaffin kaya, ya duba ƙusoshin bakin kuben da zoben ratayawa, ya ce wannan kube na wani kamfani ne. Ya tuna mini cewa bayan yaƙi an yi ta harhaɗa ragowar sassa a Solingen ana sayar wa sojojin Amurka masu neman tsaraba. Nan fa ɓacin ran jiya ya dawo sabo.

Na rubuta wa mai kayan cikin ladabi, ko ya rage mini wani abu ko ya karɓi abinsa. Sai bayan kwana biyar ya amsa, layi biyu: wai shi ba kamfani ba ne, kayansa na gida yake sayarwa, don haka dokar mayar da kaya cikin kwana 14 ba ta hau kansa ba. Mutumin da ke da wuƙaƙe jere a shafinsa kamar rumfar kasuwa! Da na tambaye shi batun ɗigon, shiru kake ji.

Tauraro biyu na ba shi, su ma albarkacin ruwan wuƙar ne. Tana cikin durowa yanzu, naɗe da tsumma, kuben kuma na sa shi a kasuwa da cikakken bayanin abin da yake.