Yaya, ga bayanin sifirin ɗin kwantar da mota da ka ce in duba maka a Jamus

Salam Yaya, ya gida ya aiki, ya su Umma. A gaishe min da yaran gareji gaba ɗaya.

Na ga hoton da ka turo, motar da ta kwanta ƙasa taya ta kusa shigewa cikin bodi, wadda ka ce yaron maigidanka ya nace sai an mayar da motarsa haka. Toh na bi maka maganar, dama ni ma ƙaramar Polo ɗina an sa mata irinsa a nan, don haka ba jita-jita zan ba ka ba. Kayan akwai su, masu kyau ne kuma ba su ne masu cin kuɗi ba, amma gaskiya ban ga dalilin da zai sa in auno maka su ba, bari dai ka ji.

Nan ƙasar ce gidan abin. Cikin kamfanonin da suke ƙera sifirin, Eibach suna wani ƙaramin gari Finnentrop, H&R suna Lennestadt kusa da su, Bilstein masu shok suna Ennepetal, duk jiha ɗaya. Sifirin huɗu ne a kwali, gajeru kaɗan a kan na kamfani kuma sun fi tauri, kowanne an buga masa lamba a jiki. Akwai mai sauke mota wajen milimita 30, irin Pro-Kit na Eibach kenan, akwai mai kaiwa 45 zuwa 50 na 'yan gayu sosai. Abin da ya burge ni shi ne yadda ake saye. Mu a gida ai tsohon za ka ɗauka ka je da shi kasuwa a jera su a ƙasa, a ƙirga zagaye a duba kauri da ido, in Allah ya sa ya yi shikenan. Nan a takardar motar akwai wasu lambobi biyu da suke kira HSN da TSN, su za ka zuba a intanet sai ya fito maka da abin da ya dace da motarka kawai, har nauyin da gaba yake ɗauka da wanda baya yake ɗauka sai an duba, saboda Polo mai dizal da mai fetur ba sifirin gaba ɗaya suke sha ba, injin dizal ya fi nauyi. In ka saya ta intanet kuma ka ga bai yi maka ba doka ta ba ka kwana 14 ka mayar a ba ka kuɗinka, ba wani sai an haɗa da rantsuwa.

Sai dai fa a nan takarda ta fi ƙarfen muhimmanci. Kowane sifiri na kirki yana zuwa da takardarsa, wata ana ce mata ABE, ita wannan yawanci ajiye ta kawai za ka yi a mota, wata kuma dole bayan an ɗaura ka kai motar wajen masu duba mota, TÜV ko DEKRA ko GTÜ, su duba su sa hannu. In ba haka ba izinin hawa titi na motar zai iya faɗuwa, 'yan sanda su tare ka su ci ka tara, in kuma tsautsayi ya gifta ka shiga rigima da inshora. Kuma ba gudu za ka yi ba, don kowace motar gida sai an kai ta dubawa duk shekara 2, sabuwa ce kawai ake ɗaga wa ƙafa zuwa shekara 3 a karon farko. Wannan abin da wasu suke yi a wajenmu na yanke zagaye ɗaya da garanda ko a sa wutar walda a gasa sifirin har ya zauna, nan ko a mafarki, mai dubawa yana leƙawa da tocila zai gane. Kuma ni ma ban ga laifinsu ba a nan, ƙarfen da aka gasa ya riga ya mutu, karyewa ce kawai ta rage masa.

Inda ake jin jiki shi ne kuɗin aiki. Makaniki a nan da awa yake caji, kuma ba za ka shigo da mota kawai ka ce a duba maka ba, sai ka kira an ba ka rana, wani lokacin sati mai zuwa ko na gaba. Kuɗin ɗaurawa da alaimen da na mai dubawa in ka haɗa sukan wuce kuɗin sifirin ɗin kansa. Wlh Yaya duk lokacin da aka miƙo min rasit sai na tuna yadda kake kwance ƙafar mota guda da yamma ana hira, a ƙarshe mutum ya ce maka Allah ya saka. Amma su ma ba a banza ba, yaro sai ya yi shekara 3 da rabi yana koyo tsakanin gareji da makaranta kafin a kira shi makaniki, kowane noti da sifana mai awo suke ɗaure shi daidai yadda littafi ya ce, kuma in aikin ya samu matsala kana da bakin komawa. Masu ƙaramin ƙarfi irinmu akwai garejin haya, ka biya na awa a ba ka injin ɗaga mota da kayan aiki ka yi da kanka. Can muka je da wani abokin aikina da ya iya hannu.

Aikin kansa ba zan koya maka ba. Baya a irin waɗannan ƙananan motocin sauƙi ne, sifiri daban shok daban, ka kwance notin shok na ƙasa ka sauke ƙafar a hankali sifirin ya fito da hannu. Gaba ne sifirin yake zagaye da shok sai an ciro su tare an matse da abin matse sifiri kafin a taɓa notin sama. A garejin hayar nan nasu a jikin bango yake da keji na ƙarfe, ba irin sandunan nan biyu masu ƙugiya da suke zamewa ba, balle igiya. Don Allah ko don yaran nan ka nemi mai kyau. Abin da ya ba mu wahala tsatsa ce, saboda gishirin da suke watsawa a titi lokacin ƙanƙara yana cin ƙasan mota ba kaɗan ba, shi ya sa ma za ka ga motar da aka kawo daga nan sama fes ƙasa kuma ja wur.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya, wato robar nan da take jikin sandar shok a sama, cikin rigar ƙura. Ka san ta, mai ruwan ɗorawa, tsawon yatsa ko ta ɗan fi, mai gaɓa-gaɓa, wadda in ta tsufa take marmashewa a hannu. A wajenmu in an kwance an ga ta lalace yawanci jefar da ita ake yi a mayar da shok haka nan, wai ai ba ta aikin komai. Nan kuwa sunan da suke kiranta da shi ma ƙarin sifiri ne, don ba roba ce zalla ba, wani irin soso ne mai tauri da aka yi shi ya riƙa matsewa a hankali, bakinsa siriri mai laushi, yana shiga yana ƙara tauri. Masu ƙera motar sun sa ta cikin lissafi tun farko, a ƙananan motoci da yawa tazarar da ke tsakaninta da kan shok ba ta da yawa, kana shan kwana da gudu ko ka ɗauki mutum huɗu ta fara aiki ba ka ma sani ba.

To ka ga matsalar. A ce misali tazarar santimita 4 ce, ka sauke mota da 3, saura 1. Kenan ɗan rami kaɗan motar ta hau kan robar, sifirin da ka kashe wa kuɗi bai ma samu damar yin aikinsa ba, motar ta riƙa tsalle-tsalle tana dukan ƙugu, mutum ya ce sifirin ne ba kyau alhali a kan roba yake tafiya. Shi ya sa ake ta gardama a kan a yanke ta ko kar a yanke. Masu yankewa suna rage gaɓa ɗaya, kuma masu hankalin cikinsu ta ɓangaren mai kaurin suke ragewa su bar bakin mai laushi, don in ka cire laushin duka zai zo maka lokaci guda kamar guduma, sai dai a wasu motocin a wannan ɓangaren rigar ƙurar take kamawa, ka yanke ta rasa wurin zama. In kuma ka zarce da yanka, ko ka cire gaba ɗaya, shok zai riƙa kaiwa ƙarshe ƙarfe ya daki ƙarfe, bawul ɗin ciki ya lalace ya fara zubar da mai, kan shok na sama ya fashe, taya ma ta iya gogar bodi.

A nan dai ba ra'ayinka ba ne, takardar sifirin ce take faɗa. Wata za ta ce a bar robar kamfani yadda take, wata kamfanin zai haɗo maka da gajeru nasa a kwalin. Tawa cewa ta yi a bar ta kamfani, sai muka sayi sababbi da rigunansu muka sa tunda an riga an kwance, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Abokin nawa ya nuna min wata dabara da za ta yi maka amfani ko a motar da ba a sauke ba: ka ɗaura siririyar robar ɗaure waya a jikin sandar shok, ka tura ta ƙasa ta zauna a kan shok ɗin, ka sauke mota daga jak ka zaga da ita, in ka dawo ka duba inda ta tsaya. In ta haura ta nutse cikin robar to kullum a kanta kake tafiya. Wanda zai sauke fiye da milimita 40 kuma gara ya haɗa da shok mai gajeriyar sanda irin B8 na Bilstein, in ba haka ba in taya ta rataya sifirin zai iya yin sako-sako a mazauninsa, kuma wannan na cikin abin da mai dubawa yake girgizawa da hannu ya gani.

Bayan an gama akwai ƙananan abubuwa. Notin da suka ratsa bush ba a ɗaure su tamau sai mota ta sauka ta zauna a kan tayarta, in ba haka ba bush ɗin yana murɗe zai yage da wuri. A ɗan yi kwanaki ana hawa sifirin ya zauna sannan a yi alaimen, a saita fitilu. Mai dubawan da na samu ya karanta lambar jikin sifirin ya gwada da takarda, ya murza sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe yana duba ko taya na taɓa wani abu, ya sa tef ya auna fitilar gaba don doka ta ce kar ta gaza santimita 50 daga ƙasa. Ko murmushi bai yi ba, ya buga hatimi ya karɓi kuɗinsa.

Motar ta yi kyau ba ƙarya, a kwana ba ta kwanciya gefe kamar da, a babban titi ta fi zama. Amma ko a nan da titi yake sumul, in zan shiga wurin ajiye motoci na ƙarƙashin ƙasa sai na karkace na shiga a hankali don kar bamba ta gogu. Yanzu ka ɗauki wannan ka kai ta inda kowace unguwa ta yi kunyarta ta rage gudu a titi yadda ta ga dama, ga ramuka, ga damina, ga mutum biyar da kaya a but. Salansa da kaskon mai ne za su fara tafiya. Mu da muke sa roba a ƙarƙashin sifiri don mota ta ƙara tashi, ai mun fi su sanin dalili. Ka gaya wa yaron in kyau yake so ya canza rim ya bar ƙafar motar ta huta.

Abin da na ga ya fi dacewa in sa maka a kaya shi ne shok na asali mai tsayin kamfani da saitin robar nan da rigarta gaba da baya, su ne na san samun nagari a can sai an sha wuya, kuma robar ba ta da nauyi ko a jaka za ta zo. Ka turo min lambar chasis ɗin motar, duka 17 ɗin, ka ɗauke ta a hoto kar ka rubuta da hannu, sannan ka faɗa min ko injin fetur ne ko dizal. Akwai wanda zai taho ƙarshen wata, in ka yi sauri sai in haɗa shi da su.