Notin roba da zarton yara: sun dace da ginin gidan wasa na kwali, amma da sharaɗi

Duk wanda ya taɓa haɗa wa yara gidan wasa da kwali ya san cewa yanka ba shi ne wahalar ba, haɗin ne. Salatif mai ruwan ƙasa yana kamawa ranar farko, kwana biyu a cikin zafi da ƙurar hunturu sai bakinsa ya fara ɗagowa. Bindigar gam tana riƙewa sosai, amma sai da wutar lantarki, tana ƙona hannu, kuma abin da aka manna ya mannu ke nan, in an ja sai fatar kwalin ta biyo. Shi ya sa na gwada kayan nan da ake sayarwa ta intanet: notin roba masu faffaɗan bari, sukudireban da ke shiga kansu, da ƙaramin zarto marar kaifi. Kamfanin Makedo na Ostiraliya ne ya yi suna da irinsu. Wanda wannan sharhi ya shafa kwaikwayo ne marar suna, mai kaya 50 a jaka: zarto ɗaya, sukudireba ɗaya, gajerun noti 36 da dogaye 12.

Notin sun cancanci kuɗinsu. Zarton kuwa rabin aiki yake yi.

Kafin a kai ga noti sai an fahimci kwalin kansa, domin yawancin gidajen da ke rushewa ba laifin abin haɗi ba ne. In ka duba bakin kwali za ka ga takarda biyu a miƙe, a tsakaninsu akwai wata mai lanƙwasa kamar kwanon rufi. Wannan ta tsakiya ita ce jijiyar kwalin, kuma ƙarfinsa duk a tsawonta yake. Bango dole jijiyarsa ta tsaya daga ƙasa zuwa sama. In aka kwantar da ita, da yaro ya jingina sai bangon ya karye a tsakiya, kuma kwalin da ya karye ba ya komawa daidai. Kwalin taliya ko na sabulu jijiya ɗaya gare shi, kaurinsa milimita 3 zuwa 4. Na firij da injin wanki yawanci jijiya biyu ne, wajen milimita 7. Mai jijiya biyu shi ne na bango, mai ɗaya na rufi da ado. Kada a juya su, rufi mai nauyi a kan bango sirara ba ya kwana.

Yadda notin ke aiki abin sha'awa ne. Ana ɗora kwali biyu, a huda ƙaramin rami, a dasa notin a murɗa. Barinsa mai faɗi ne, yana cin jijiyar kwalin yana jawo ɓangarorin biyu su matse. Gajeren yana riƙe ninki biyu ko uku na kwali mai jijiya ɗaya. Dogon shi ne na kwalin firij biyu, ko inda ninki huɗu zuwa sama suka haɗu. Yaro ɗan shekara biyar ko shida yana iya murɗawa da kansa, kuma wannan shi ne babban abin da ya raba su da gam: ginin ya zama na yaron, ba na babban da ke riƙe da bindiga mai zafi ba. Ranar da aka gaji, ko za a share ɗakin, a kwance notin, a jingine kwalayen a bayan ƙofa, gobe a gina wani abu dabam.

Abubuwa uku ke sa noti ya saki, kuma dukkansu daga hannun mai haɗawa suke. Na farko yawan murɗawa. Da kan notin ya kwanta a jikin kwalin sai a tsaya. In aka ƙara zagaye ɗaya ko biyu, barin zai niƙe takardar, ramin ya buɗe, notin ya riƙa juyawa a banza. Ramin da ya niƙe ba ya gyaruwa, sai a matsa gefe da santimita 3 a huda sabo, ko a ɗora ƙaramin faci a baya a sa dogon noti. Na biyu sa noti a bakin gaɓa: a bar aƙalla santimita 3 daga baki, in ba haka ba zai yage ya fita da ɗan guntun kwali. Na uku rowar ninki. Inda bango biyu suka haɗu, ɗaya ya hau ɗaya da faɗin yatsu huɗu, wato santimita 7 zuwa 8. Kunnuwan kwalin nan da ake saurin yankewa a zubar, su ne mafi kyau a wannan aiki, domin sun riga sun zo da layin ninki.

Lissafin noti kuwa ga yadda yake. Ɗaki mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya da santimita 20, tsayin mita ɗaya, in aka sa noti kowane taƙi ɗaya, kusurwa huɗu za su ci 20. Rufi zai ci 12 zuwa 16. Ragowar su tafi a ginshiƙi da azara. Wato jaka ɗaya ɗaki ɗaya ce, da ƙyar. Mai son ɗaki biyu da rariyar rarrafe a tsakani sai jaka biyu. Dogaye 12 sun yi kaɗan ga mai gini da kwalin firij, su ke fara ƙarewa, alhali gajerun na nan jibge. Inda suka kasa, igiyar robar nan da masu gyaran wuta ke ɗaure waya da ita, mai tsawon santimita 20, tana cike gurbin: a huda rami biyu tsakaninsu santimita 4, a zura a ja. Sai dai tana yanka kwali in an matse da yawa, kuma bakinta in an datse yana da kaifi, don haka ƙullin ya kasance ta waje.

Zarton shi ne inda ban gamsu ba. Gaskiya ne ba ya yanka fata da sauƙi, kuma a kan kwalin taliya yana tafiya, musamman in ana bin jijiya. A kan kwali mai jijiya biyu kuwa, in za a ratsa jijiyar, yaro zai yi ta gurzawa har ya gaji, bakin ya fito a tattaune, garin takarda ya cika ƙasa. Don haka manyan yanka, ƙofa da tagogi, aikin babba ne da wuƙar yankan kwali mai sabuwar reza. A shimfiɗa kwalin a ƙasa a kan wani tsohon kwali, a ɗora katako miƙaƙƙe, a bi layin sau biyu ko uku a hankali maimakon a danna sau ɗaya da ƙarfi. Kada a yanka kwali yana tsaye yaro na ciki, ko da wasa. Zarton a bar wa yara su yi ƙananan ramukan leƙe da zankwayen saman bango, wanda shi ne suka fi jin daɗinsa.

Ƙofa mai faɗin santimita 40 da tsayin 65 ta ishi yaro ya shiga a duƙe, babba ma ya iya miƙa hannu ya jawo shi. A yanke gefe uku, na huɗun a danne shi da bayan cokali ya zama maƙalli. A bar santimita 10 tsakanin kowace ƙofa ko taga da kusurwa, domin kusurwar ce ke ɗauke da ginin. Tagogi su kasance a bango biyu masu fuskantar juna. Kwali yana riƙe zafi, a watan Afrilu ɗakin da iska ba ta ratsa shi yaro ba zai iya minti goma a ciki ba.

Rufi shi ne ke fara lotsawa. Shimfiɗaɗɗen kwali mai jijiya ɗaya in ya wuce santimita 60 ba abin tokara sai cikinsa ya sauko. Maganinsa azara. A yanko kwali mai faɗin santimita 40, jijiyarsa na bin tsawonsa, a danne layi uku a kowace santimita 10, a naɗe ya zama mai kusurwa uku, ɓangare na huɗu ya hau na farko, a sa noti uku. Wannan abu in an kwantar da shi azara ne, in an tsayar da shi a kusurwa ginshiƙi ne, kuma ƙarfinsa zai ba ka mamaki. Wanda ke da hanya da masu sayar da yadi, irin na Kantin Kwari, ya roƙi bututun kwalin da ake naɗe yadi a jiki, ya fi komai dacewa da azara. Noti ba ya shigarsa saboda tauri, sai ɗauri. Duk da haka rufin kwali ba na hawa ba ne, a faɗa wa yara tun kafin su gwada.

Wajen zaɓen kwali akwai abin da ba a sassauci a kansa. Kwalin da ya ɗauki maganin feshi, maganin ɓera ko wani sinadari ba ya shiga hannun yaro, ko da ya yi kama da sabo. Manyan kwalaye kan zo da ƙusoshin ƙarfe masu kama baki, a bi su ɗaya bayan ɗaya a cire da filaya. Ledar ciki da farin soson da ake tokare kaya da shi a fitar da su daga gidan gaba ɗaya. Kwalin da ya daɗe a sito a kakkaɓe shi a shanya a rana, domin kyankyasai da kunama na son ramukan jijiyar. Wanda ya taɓa jiƙewa kuwa, ko ya bushe, gam ɗin da ke riƙe takardunsa ya saki, noti ba zai kama shi ba.

Danshi ne ke kashe ginin bayan an gama. Siminti yana tsatso da sanyi da damina, gindin bangon ya yi laushi ya durƙushe, gara kuma ta same shi in a ƙasa yake. A ɗora shi a kan tabarmar roba, a rumfa ko cikin ɗaki. Kyandir, ashana da maganin sauro na kunnawa kada su kusance shi, in yara na son haske a ba su tocila.

Saura maganar ƙananan yara. Notin ƙanana ne, launinsu na jan ido, kuma suna shiga baki. Gidan da ke da mai rarrafe ko ɗan ƙasa da shekara uku, a ƙirga notin kafin a fara, a sake ƙirgawa bayan an kwance, a adana su a gwangwani mai murfi a sama. Tsininsu kuma yana leƙowa ta ɗaya gefen. Ba ya huda fata, amma yana karce, don haka a wuraren da yara ke rarrafe ko jingina a dasa notin daga ciki, kansa mai laushi ya fuskanci yaron, tsinin ya fita waje.