Antibodin Iba1 na Wako: gwani ne wajen nuna siffa, amma ba ya nuna aiki

Duk mai binciken yadda wahalar ƙuruciya ke taɓa mikrogiliya, wato ƙwayoyin da ke tsaftace ƙwaƙwalwa suna datse mahaɗun jijiya da suka yi yawa, da wuya ya kauce wa wannan antibodi na kamfanin FUJIFILM Wako mai lamba 019-19741, wato sinadarin da ke manne wa Iba1, furotin da ke cikin mikrogiliya, don a iya ganin su. Daga zomo ake samo shi.

A wannan fanni ana amfani da shi a gwajin da ɗakin binciken Tallie Baram ya yaɗa: a rage wa uwar ɓera kayan sheƙa, a ɗora ta kan raga daga kwana na 2 zuwa na 9 bayan haihuwa. Renonta sai ya zama a tsittsinke, 'ya'yan kuma idan sun girma sukan nuna raunin tunawa.

Wajen rini ba shi da wuyar sha'ani. A sandarar da ƙwaƙwalwar da PFA (paraformaldehyde, sinadarin adana nama) kashi 4 cikin ɗari, a jiƙa ta a sukuros kashi 30 har ta nutse, a yanka da kaurin maikron 30 zuwa 40. A saka Triton X-100 (sinadari mai kama da sabulu) kashi 0.3 don antibodin ya ratsa, a tsarma shi 1:500 zuwa 1:1000, ya kwana a digiri 4 na Selsiyas. Washegari za ka ga kowace ƙwaya da siraran rassanta tar a cikin hifokamfos, sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tunawa. Idan rinin ya fito dishi-dishi, galibi naman ya daɗe a PFA ne. Dumama yankan a ruwan sitret mai pH 6 kan gyara. Yanka mai sirara fiye da kima kuwa yana gutsure rassan, sai lafiyayyar ƙwaya ta yi kama da wadda ta harzuƙa.

Inda mutane ke rudar kansu shi ne fassara. Antibodin Iba1 yana kama har da makrofaj, wato ƙwayoyin garkuwar jiki, da suka shigo daga jini, don haka sai an haɗa da alamomin mikrogiliya irin TMEM119 ko P2RY12 kafin a ce mikrogiliya ce zalla. Astrosait kuwa, wato ƙwayoyin da ke tallafa wa jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ba ya kama su, sai a yi amfani da alamar GFAP. Sannan adadin ƙwayoyin na iya zama daidai alhali aikin datsewar ya lalace. Mai son ganin wannan dole ya ƙara CD68, mai nuna inda ƙwaya ke narkar da abin da ta ci, da alamar mahaɗa irin PSD95, ya duba abin da ƙwayar ta haɗiye.

A ware maza da mata wajen lissafi, kuma kada a ƙirga 'yan ciki ɗaya tamkar samfura masu zaman kansu, tunda uwa ɗaya ce ta rene su.