Littafi, ƙamus ko lesin: ina za ka zuba kuɗinka kafin jarrabawar Turanci?

Da zarar lokacin JAMB da WAEC ya ƙarato, ko mutum ya ƙuduri niyyar zana IELTS, jarrabawar gwada ƙwarewar Turanci, don karatu ko aiki a waje, tambayar ɗaya ce: me zan saya Turancina ya gyaru? Mai shagon littattafai zai miƙo maka abin da ke kan kantarsa, mai lesin zai ce sai a wurinsa ake cin jarrabawa, abokinka kuma zai ce ka sauke manhaja a waya ka huta. Kuɗin hannunka ba zai ɗauke su duka ba, dole sai an zaɓa.

Kafin ka fitar da ko sisi, ka san abin da jarrabawarka take nema, domin ba iri ɗaya ba ne. A JAMB, Turanci yana da tambayoyi 60 cikin 180, a kwamfuta, cikin awa biyu, kuma duk zaɓi ne, ba za ka rubuta jimla ko ɗaya da hannunka ba. WAEC kuwa za ta sa ka rubuta insha'i na kalmomi 450, ka amsa tambayoyin fahimta, ka taƙaita rubutu, sannan ga takardar furuci. IELTS tana da sassa huɗu: saurare, karatu, rubutu da magana. A sashen rubutu ana ba ka minti 60 ka yi aiki biyu, na farko aƙalla kalmomi 150, na biyu 250, kuma mai maki yana duba abubuwa huɗu daidai wa daida: amsa abin da aka tambaya, tsarin tunani, yalwar kalmomi, da nahawu. Ka ga ke nan nahawu kashi ɗaya ne cikin huɗu. Ɗan JAMB yana bukatar ya gane daidai da sauri. Ɗan WAEC da ɗan IELTS suna bukatar su ƙirƙiro daidai da kansu, kuma wannan shi ne ya fi wuya, shi ne kuma ya fi cin kuɗi.

Abu na farko da zan ce ka saya shi ne tsofaffin tambayoyi, amma ba don hadda ba. Ka zauna ka amsa na shekara guda da agogo a gabanka, ka ƙirga inda ka fāɗi, ka ga ko matsalarka nahawu ce, ko ma'anar kalmomi, ko jinkirin karatu. Sai dai ka sani, tarin tambayoyin JAMB da WAEC da ake sayarwa a kasuwa ba hukumomin jarrabawar ne suka rubuta amsoshin da ke bayansu ba, wani lokaci akan sami kuskure, kuma da yawa ba sa bayanin dalili. Ka buɗe ka duba kafin ka biya. Wanda ya rubuta “B” kawai ya wuce bai kai wanda ya yi layi biyu na bayani ba. Ga mai IELTS, jerin littattafan Cambridge masu lamba su ne abin dogaro, kowanne da cikakkun jarrabawa huɗu, kuma Cambridge tana cikin masu jarrabawar tare da British Council da IDP. Ka tabbata akwai hanyar samun sautin sashen saurare, domin bugun jabu mai araha sau da yawa a nan yake barin mutum a hanya.

Sai littafin nahawu. Wanda ya fi shahara shi ne English Grammar in Use na Raymond Murphy, wanda ya fara fitowa a 1985. Tsarinsa ne ya sa nake son sa: shafin hagu bayani, shafin dama aikin gwaji. Matakai uku ne, kuma launin bango ne ke raba su. Ja na mai farawa ne, shuɗi na matsakaici, kore kuma, wanda Martin Hewings ya rubuta, na wanda ya yi nisa. Mafi yawan waɗanda suka gama sakandare shuɗin ne daidai da su, kuma babu abin kunya idan ja ne ya dace da kai. Akwai bugu mai amsoshi a baya da marar amsoshi. Idan kai kaɗai za ka yi karatu, kada ka karɓi na biyun ko da an rage maka kuɗi.

Amfaninsa ga Bahaushe a fili yake. Mu “na gan shi” ta ishe mu, ko jiya ne ko yanzun nan. Bature ya raba: “I saw him yesterday” daban, “I have seen him” daban, kuma da zarar ka ce “I have seen him yesterday” ka yi asarar maki. Murphy ya ware darussa da dama a jere kan wannan bambanci kaɗai. Amma yana da giɓi ga ɗan WAEC. A takardar fahimta akan ciro wani yanki na jimla a ce ka faɗi sunansa na nahawu da aikin da yake yi, shi kuwa Murphy amfani yake koyarwa, ba ya tsayawa kan sunaye. Don haka ɗan WAEC sai ya haɗa da littafin Turanci na babbar sakandare da aka rubuta bisa manhajar karatun Najeriya. Brighter Grammar da muka taso da shi yana da kyau wajen aza harsashi, amma shi kaɗai ba zai kai ka IELTS ba. Practical English Usage na Michael Swan kuwa littafin dubawa ne idan tambaya ta taso, ya fi dacewa da malami ko wanda ya riga ya ƙware.

Ƙamus shi ne abin da ɗalibai suka fi rainawa, ni kuwa a ganina ya fi littafin nahawu yi wa mutum aiki a kullum. Ba ƙaramin ƙamus na aljihu nake nufi ba, wanda zai ba ka kalma ɗaya a madadin wata ya yi shiru. Ƙamusun Turanci zuwa Hausa, irin wanda Roxana Ma Newman ta fitar a 1990, yana da amfani wajen gane ma'ana da sauri, amma ba don jarrabawar Turanci aka yi shi ba. Abin da kake bukata ƙamus ne da aka tsara wa mai koyo, kamar Oxford Advanced Learner's Dictionary, wanda A. S. Hornby ya assasa bayan ya koyar da Turanci a Japan, ko na Longman, wanda ke bayyana ma'anoni da kalmomi masu sauƙi kusan 2,000. Buɗe “advice” ka gani. Kusa da ita akwai alamar da ke nuna ba a ƙirga ta, wato babu “advices”, sannan ga misali da ke nuna yadda ake cewa “a piece of advice”. Buɗe “discuss”, za ka tarar ba ta ɗaukar “about” a bayanta. Waɗannan su ne tarkunan da JAMB ke ɗanawa, domin ta san haka muke faɗa a titi har kunne ya saba. Ga kuma alamomin furuci, waɗanda za su taimake ka a takardar furuci ta WAEC, inda bambancin “pan” da “fan” ke kayar da 'yan'uwanmu da yawa. Oxford da Longman da Cambridge duk suna da ƙamus kyauta a intanet, har da muryar da za ka danna ka ji. Idan kana da waya da data, ajiye kuɗinka. Idan kana inda sabis da wuta ke wasa, na takarda ya cancanci kuɗinsa, zai kuma yi wa ƙannenka aiki bayanka.

Manhajojin waya irin su Duolingo suna sa mutum ya saba da yin karatu kullum, amma matakinsu bai kai na insha'in jarrabawa ba. ChatGPT da makamantansa sun fi amfani idan ka tambaye su dalilin da ya sa wata jimla ba daidai ba ce, su ba ka misalai. Sukan yi kuskure cikin ƙarfin hali, don haka ka gwada amsarsu da ƙamus, kuma kada ka ɗauki makin da suka ba rubutunka a matsayin makin da za ka samu. Idan suka gyara maka insha'i gaba ɗaya ka kwafa, ba kai ne ka koya ba.

Lesin ne ya fi komai tsada, kuma abu ɗaya ne yake bayarwa wanda littafi ba zai iya ba: mutum ya karanta abin da ka rubuta, ya saurari maganarka, ya nuna maka kuskuren da kai ba ka gani. Idan lesin bai yi wannan ba, kuɗin littafi ka biya ninki goma. Kafin ka yi rajista, ka nemi malamin ya nuna maka takardar wani ɗalibi da ya gyara. Ka duba ko jan biro ya ja layi kawai ya ba da maki, ko ya rubuta a gefe abin da ya kamata a ce da dalilinsa. Ka tambayi mutum nawa ne a aji da kuma insha'i nawa za a gyara maka a mako. Ajin da ya cika maƙil, malami yana karanta amsoshi daga allo, zai iya taimakon ɗan JAMB, amma ba zai ɗaga rubutun kowa ba. Ka duba lamarin ma'aikaciyar jinya mai son aiki a Birtaniya: hukumar jinya ta can tana neman maki 7 na IELTS a saurare da karatu da magana, da 6.5 a rubutu. Rabin maki a rubutu na iya sa a sake biyan kuɗin jarrabawar da ya kai ɗaruruwan dubban naira. Ga irin wannan 'yar'uwa, malami ɗaya nagari da zai gyara mata rubutu sau biyu a mako ya fi tarin littattafai. Duk wanda kuma ya yi maka alkawarin maki, ko ya ce zai samo maka takardar sakamako ba tare da ka zauna ba, ɗan damfara ne, domin jami'o'i da ofisoshin biza suna tantance sakamakon IELTS kai tsaye daga masu jarrabawar.

Idan aljihu ya yi ƙunci, ɗan JAMB ya sayi tsofaffin tambayoyi masu bayani, ya karanta littafin labarin da hukumar ta ayyana a shekarar, ya nemi wurin da zai gwada amsawa a kwamfuta. Ɗan WAEC ya riƙe littafin makaranta, ya roƙi malaminsa na Turanci ya riƙa duba masa insha'i. Mai IELTS ya fara da gwaje-gwajen kyauta da ke shafin British Council, ya sayi Cambridge guda ɗaya ko biyu na baya-bayan nan, ragowar kuɗin ya tafi ga mai gyaran rubutu. Kuma tunda yawancin wurare shekara biyu kawai suke karɓar sakamakon IELTS, kada ka yi rajista sai makin gwajinka na gida ya kai abin da ake nema, kuma lokacin tura takardunka ya kusa.