Gidan tattabaru mai saukowa ƙasa: yadda na ga aikin wani mai walda a Dambatta

Masu tsayawa a bayan katangata suna ɗaga kai, da masu aiko yara su tambaya, ga amsarku a dunƙule. Ƙwarai, gidan tattabarun da kuke hangowa a kan dogon ƙarfen nan yana saukowa har daidai ƙirjin mutum, a share shi, a mayar da shi sama. Wani mai walda ne a Dambatta ya haɗa shi. Gidan ya sha ranar bazara, ya sha iskar damina da ƙurar hunturu, don haka yanzu ina da bakin magana. Wajen ƙarfe da walda mutumin nan ba shi da makusa. Amma kada wanda ya bar masa shawarar ɗakin da tsuntsun zai kwana. Ƙarfe ya sani, bai san tattabara ba.

Duk mai kiwon tattabaru a ƙauye ya san tsaka mai wuyar da ake ciki. Ka jera musu tukwane da fasassun tuluna a kan katanga ko a gindin rumbu, muzuru da gafiya da maciji sun samu kalaci. Ka kai su can sama inda ba abin da zai hau, kai ma ka daina hawa, sai ranar da za ka ɗauko 'yan shila. To tattabara kuwa ba ta barin ɗaki ya huta. Ƙwai 2 take yi, ita da namijin su yi ta karɓa-karɓar kwanci kwana 18 ko kusa da haka, 'yan shilan su yi wajen wata guda a sheƙa suna kashi a inda suke kwance, kuma sau da yawa kafin su tashi uwar ta sake saka wani ƙwan. Kashi ya hau kan kashi ya daskare, ƙuma da ƙwarƙwata su yi gida a ƙarƙashi. Sai ka ga ɗan shila yana ramewa alhali ga hatsi, a ce maka baki ne ko iska. Yawanci ƙazanta ce kawai, wadda tsani ya hana a kwashe. Ni kuma gwiwata ta riga ta yi sallama da tsani.

Dabarar ba tawa ba ce. Babban ɗana da ke aiki a Kano ne ya nuna min a wayarsa yadda mutanen Amurka ke yi wa wata irin tsattsewa tasu gida a kan sanda. A gabashin ƙasar tsuntsuwar ta kusa daina sheƙa a kogon itace gaba ɗaya, sai a gidan da ɗan Adam ya tanadar mata, kuma asalin abin goruna ne mutanen farko na ƙasar ke rataye mata. Idan sanyi ya shigo ta yi ƙaura zuwa Barazil, ta dawo gidanta na bara. Mu ba mu da ita a nan, amma abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda suke murza hannu gidan ya sulalo ƙasa, su duba kowane ɗaki suna tsaye da ƙafarsu.

Da na nuna wa mai waldar, ya kalla har ƙarshe, ya mayar baya, sannan ya ce, "Baba, wannan ai tutar makaranta ce aka ɗaura wa akwati." Daga nan na san ya gane. Bai ɓata min lokaci da cika baki ba, ya ɗauki alli ya zana a ƙasa.

Ga yadda ya yi. Bututun ƙarfe mai kauri inci 3, irin wanda ba ya tsatsa da wuri, daga Ƙofar Ruwa aka sayo shi. Tsawon da ake sayar da shi mita 6 ne. Ya ce a rage, domin duk yadda aka ƙara tsawo haka iska za ta ƙara kaɗa shi, kuma tsuntsu ba ya son gida mai rawa. Aka binne wajen mita 1 a cikin kankare, aka bar mita 4 da ɗoriya a sama. Gidan yana zaune ne a kan wani guntun bututu inci 4 da aka zura wa dogon, shi ne ke sulɓi sama da ƙasa. A can ƙololuwa akwai fuli, igiyar ƙarfe ta bi ta kansa ta sauko zuwa abin naɗi mai hannu da ya manna a daidai ƙugu. Nan ne ya burge ni. Faifan haƙoran sarƙar babur ya samo a bola, ya yi masa ɗan harshen ƙarfe da ke faɗawa tsakanin haƙoran. Kana murzawa kana jin ƙas, ƙas, ƙas, kuma ko ka saki hannu gidan ba ya dawowa. Ban da wannan ya huda dogon bututun a sama kaɗan da kan mutum, ya yi masa ƙusa mai kauri da ake zurawa. Ya ce, "Baba, igiya ba ta da alkawari. In ta tsinke, gidan ya tsaya a nan, kada ya sauka a kan jika." Ban roƙe shi wannan ba, shi ya kawo da kansa, har da wurin maƙala kwaɗo saboda yara. A ƙasan inda gidan ke tsayawa idan an sauke shi kuma ya kifa wata tsohuwar fanteka da ya huda ta tsakiya, bakinta na kallon ƙasa. Duk abin da ya hawo bututun, a cikinta tafiyarsa ke ƙarewa. Da idona na ga kyanwar maƙwabta ta gwada, ta dawo tana lasar ƙafa.

Rigimarmu ta farko a kan ɗakin ce. Shi so yake ya naɗe shi da kwanon rufi, ya ce ba nauyi, ba gara, ga sauƙin kuɗi. Duk gaskiya ne. Amma wanda ya taɓa ɗora tafin hannu a kan langa-langa da azahar a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa ma, ya san abin da zai samu ɗan shilan da ko gashi bai gama fito masa ba. Da hunturu kuma kwano ne kan gaba wajen ɗaukar sanyi. Muka yi ta ja, yana cewa, "Ai tsuntsu ne, Baba," ina ce masa, "Malam, yi min ƙashin ƙarfe kawai, sauran na kafinta ne." A ƙarshe ya haƙura, amma fuska ba walwala. Kafintan ƙauyenmu ya yi ɗakuna 12 na katako, hawa biyu, kowane ɗaki wajen ƙafa ɗaya faɗi da zurfi da tsayi, da ɗan dandamali a bakin ƙofa. Rufin kaɗai ne kwano, shi ma an bar tazarar yatsu huɗu tsakaninsa da katakon saboda iska ta ratsa, an shafe shi da farin fenti. Ɗaki 12 na aure 6 ne, kada wani ya cusa 12. Kowane aure na bukatar ɗaki biyu, ɗaya na 'yan shila, ɗaya na sabon ƙwai. In ba haka ba, faɗa da fashe-fashen ƙwai ba za su ƙare ba. Ƙofofin kuma ba wadda ke kallon gabas, tunda ta nan hadari ke taso mana.

Aibin da ya fi ci min rai shi ne juyawa. Bututu zagayayye a cikin bututu zagayayye, ba abin da zai hana shi waigawa. Aka sauke gidan aka mayar, ashe ya karkata, ƙofofin kudu sun koma yamma. Da yamma tattabarun suka dawo daga kiwo, kowace ta nufi inda ta saba ganin ƙofarta, ta tarar da ta wani. Aka yi ta duka da fiffike, wata uwa ta kwana a kan rufi, ƙwanta ya yi sanyi. Tattabara da wuri take gane ɗakinta, ba da lamba ba. Na koma wa mai waldar, kuma a nan zan yaba masa: bai yi gardama ba, bai ƙara ko kwabo ba. Ya zo a kan babur da ɗan janaretonsa da yaron shagonsa, ya manna siririn rodi a jikin dogon bututun daga sama har ƙasa, ya yanke wa guntun ɗan kwari da zai riƙa bi. Tun daga ranar gidan bai sake waigawa ba. Duk wanda zai ba shi irin wannan aiki, ya faɗa masa zancen rodin tun kafin a yi ciniki.

Igiyar farko ma ba ta yi ba. Siririya ce, damina ɗaya ta fara tsatsa tana tsintsinkewa sili-sili, har ta soke ni a yatsa. An canza ta da mai kauri, amma wannan karon daga aljihuna. Yanzu ina shafa mata giris, fulin kuma ɗan baƙin mai a tsumma da ake ɗaura wa gora. Batun alkawari kuwa, kun san masu walda da wuta. Ranar da ya ce ba ita ce ranar ba, ba ma makon ba ne.

Sharar kanta ita ce ribar abin. Da hantsi nake yi, bayan yawancinsu sun fita. In zare ƙusa, in ɗaga harshen, in riƙe hannun da kyau ina sassautawa a hankali. Kada a sake shi, domin in ya kufce zai iya karya wa mutum hannu. Kowane ɗaki akwai ɗan falanki a ƙasansa da ake zarowa. Sai in yayyafa masa ruwa tukuna, in ɗaure hanci da ƙyalle, saboda ƙurar busasshen kashin tattabara na yi wa huhu illa idan aka daɗe ana shaƙa. In kankare da guntun ƙarfe a cikin buhu, in barbaɗa toka a kusurwoyi, in watsa busasshen ganyen darbejiya, in mayar. Ɗakin da ke da ƙwai ba na taɓawa, leƙawa kawai. Mai 'yan shila kuma in ɗauke su a tafin hannu, zafinsu kamar an ciro su daga bakin murhu, maƙoƙonsu cike tim da abin da iyayen suka ɗura musu, in ɗaga fiffike in duba ƙuma. Ba na barin gidan ya daɗe a ƙasa, iyayen na kan darbejiya suna ƙorafi. Kashin da a da yake ruɓewa a sama yanzu lambun albasa yake tafiya, bayan ya kwana biyu a cakuɗe da takin dabbobi, don ɗanyensa ƙona shuka yake yi.

Sai zancen tsuntsayen daji, wanda jikokina suka fi damuwa da shi. Gidan bai jawo su ba. Ruwa ne ya jawo su. Wani kasko mara zurfi na ajiye a kan kututture a inuwa, da dutse a tsakiya don ƙananan su samu wurin tsayawa, ina watsa ɗan gero a gefe. Da bazara, lokacin da kududdufai suka ƙafe sai dai a tafi dam ɗin Tomas, abin sai wanda ya gani: kurciya, bardo, hasbiya mai jan ido daga giginyun bayan gari, kanari, marai, har alhudahuda ya saba zuwa yana caccakar ƙasa mai laima a gindin kututturen. Amma a cikinsu gwara kaɗai ta karɓi masauki, a gorunan da muka rataye a ƙarƙashin rufin, muka huda musu ƙofa da yatsa biyu za su shiga. Kurciya ba ta shiga rami, tsinke huɗu za ta jera a reshe ta ce ta yi gida. Marai kuma masaƙi ne, ba ya haya. Ruwan kaskon kullum ake zubarwa a sake, in ba haka ba sauro kake kiwo. Kuma na nisanta shi da mashayar kaji da ta tattabarun. Wanda ya ga abin da murar tsuntsaye ta yi a shekarar 2006, tun daga gonar nan ta Jaji a Kaduna har ta iso gonakin kaji na Kano, ba ya wasa da haɗa na gida da na daji a kwano ɗaya. Haka sabon auren da na sayo a kasuwar Lahadi, sai ya yi zamansa shi kaɗai a keji na ga lafiyarsa kafin ya hau sama.

Wani maƙwabcina ya yi min ƙorafin wai ina gayyato wa gonarsa jan-baki. Na ce masa, "Alhaji, jan-bakin da ake tayar wa jirgi ya yi feshi a fadamun Haɗeja, kaskona zai tsaya nema?" Tsuntsu ne mai tafiya dubu-dubu, a ƙaya da ciyawar fadama yake sheƙa, ba ruwansa da akwati. Ainihin abokan gabar wurin su ne shaho da ke kawo farmaki da sassafe, wanda ba mai waldar da zai yi maka maganinsa, sai kuma yara masu danƙo, waɗanda maganinsu iyayensu.

Kuɗi fa? Ban rubuta lamba ba saboda farashin ƙarfe ba ya kwana inda ya wuni. Ƙarfe da siminti da katako da ladan mutum biyu, abin ya tasar wa kuɗin matsakaicin rago, kuma bututun ne ya cinye kaso mafi tsoka. Mai aure biyu ko uku, tukwanensa sun ishe shi. Mai garke, musamman wanda shekaru suka fara ja, ya je wurin mutumin nan, ya sayi igiyar da kansa, ya kai ɗakin wurin kafinta. A kafa shi nesa da wayar lantarki da reshen da muzuru zai iya tsallakowa ta kai, kuma idan hadari ya haɗo da walƙiya a kori yara daga gindinsa. Kankaren kuma a bar shi ya yi mako ana ba shi ruwa kafin a ɗora masa nauyi, ko da mai waldar ya ce ya bushe.