Bitar Wani Ajin Turancin Ofis a Wuse

A unguwar Wuse da ke Abuja akwai wata cibiya da ke koyar da Turancin ofis da yamma, bayan an tashi daga aiki, kuma yawancin ɗalibanta ma'aikatan gwamnati ne da masu fassarar labarai a gidajen rediyo. Na halarci kwas ɗinta na kalmomin mulki, wanda aka kasa gida biyu: kalmomin da ake kiran masu riƙe da muƙami da su, da kalmomin da ke nuna wajibci. Abin da ya haɗa su shi ne kalmar incumbent, wadda ke nufin mai ci, amma idan aka ce incumbent upon sai ta koma nufin abin da ya rataya a wuyan mutum. Malamin ya bayyana cewa tushenta Latin ne, daga kalmar da ke nufin kwanciya ko jingina a kan abu.

Kashin farko ya cancanci yabo, domin malamin bai ɗora mana haddar kalmomi ba, da tarihin siyasar ƙasar nan ya koyar. Goodluck Jonathan shi ne incumbent a zaɓen 2015, kuma shi ne shugaban Najeriya mai ci na farko da ya sha kaye a akwatin zaɓe. Daga ranar da aka bayyana sakamako zuwa 29 ga Mayu ya zama outgoing, mai barin gado, yayin da Muhammadu Buhari yake president-elect, zaɓaɓɓen shugaba mai jiran gado. Shi dai Jonathan ɗin ne aka naɗa acting, wato muƙaddashi, a Fabrairun 2010, har zuwa rasuwar Umaru Musa 'Yar'Adua ranar 5 ga Mayu. Da mutum ɗaya aka koyar da kalmomi uku, kuma sun zauna daram.

Wata baiwar Allah daga wata ma'aikata ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to daraktanmu da ya daɗe yana riƙo fa, shi ma mai ci ne?" Malamin ya amsa mata da cewa, "Hajiya, kujera dai yana kanta, amma sai an ba shi takardar tabbatarwa za ki rubuta substantive, wato tabbataccen mai muƙami." Daga nan ya raba mana tsofaffin jaridu da jan biro, muka riƙa zagaye wasu kalmomin da ke nufin wanda ke kan muƙami, wato sitting da aka fi jinginawa ga gwamna ko alƙali, da serving da ta fi yawa ga hafsoshin soja da 'yan sanda.

A kashi na biyu ne aikin ya yi rauni. An rubuta mandatory da compulsory da obligatory a allo, aka ja musu layi ɗaya, aka ce duka dole ke nan. Wannan gajarta hanya ce da ba ta dace da Bahaushen da tun yana makarantar allo ya san bambancin farilla da mustahabbi ba. Misalai kuwa ga su a ƙofar gida: dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta kira karatun matakin farko compulsory, bautar ƙasa da aka kafa a 1973 tilas ce ga mafi yawan masu digiri, amma incumbent upon ta fi karkata ga nauyin da muƙami ko mutunci ya ɗora wa mutum, ko da babu hukuncin da ke jiransa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda aka wuce shall da may a gurguje, alhali sashe na 24 na kundin tsarin mulkin 1999 da shall ya jera wajiban ɗan ƙasa, ciki har da biyan haraji a kan kari. Ma'aikacin da ke rubuta sakula ya kamata ya san cewa shall umarni ce, may kuwa zaɓi.

Ajin yana da tsabta, janareta na tashi da zarar an ɗauke wuta, ana kuma tsayawa domin sallar Magariba. Kuɗin ya ɗan yi nauyi ga ƙaramin ma'aikaci, kuma wanda zai koma Nyanya ko Kubwa sai ya shirya wa cunkoso. Mai fassarar labarai zai ci moriyar kuɗinsa, amma wanda aikinsa ya shafi takardun doka ya tambayi cibiyar tukuna ko ta faɗaɗa kashi na biyu kafin ya biya.