Shekara guda da sa Abba a kwalejin koyon sana'a a Legas: abin da na gani

Tun Abba yana aji huɗu na firamare babu tocila ko fankar da ta tsira a gidanmu, sai ya kwance ta ya ga abin da ke ciki. Kafin ya gama ƙaramar sakandare, maƙwabtanmu a Agege sun san ƙofar da za su buga idan dutsen guga ya daina zafi. Lissafinsa mai kyau ne, amma darasin hadda wahala yake ba shi ƙwarai. Ranar da ya gama jarrabawar BECE, wato ta kammala ƙaramar sakandare, ya same ni a shago ya ce, "Baba, ni fa wayarin nake so in koya." Yanzu ya cika shekara a kwalejin fasaha ta gwamnati, kuma 'yan'uwa da yawa suna tambayata ko abin ya biya, don haka ga yadda aka yi.

A gida aka fara jayayya. Yayana ya ce kada in ɓata wa yaro lokaci, in kai shi wurin wani oga a kasuwar Alaba ya yi shekarunsa a yaye shi, da hujjar cewa duk masu gyaran da muka sani a haka suka tashi. Mahaifiyar Abba kuwa ta kafe, ɗanta ba zai bar makaranta yana ɗan shekara 15 ba. Ta ce mini, "Malam, hannu yana gajiya, idan ya gaji da me zai riƙe kansa?" Ni kuma ina tsakiya, domin kowannensu yana da gaskiya.

Cikin wannan ruɗani na faɗa hannun wata cibiya mai zaman kanta wadda ba zan kira sunanta ba. Allonsu babba, da hotunan yara sanye da hular kwano, sun ce cikin wata shida yaro zai fito da satifiket. Na biya kuɗin rajista. Mako uku Abba yana zuwa, bai taɓa riƙe waya ba, sai kwafar rubutu daga allo a wani ɗaki a saman bene. Da na je na tambaya wace hukuma ce ke ba da satifiket ɗin, sai aka ce su da kansu suke bugawa. Kuɗin bai dawo ba, kuma abin da ya fi yi mini ciwo shi ne yadda yaron ya fara yin sanyi da abin da yake so.

Wani tsohon malamin Abba ne ya warware mini zaren bayan sallar Isha'i. Ya ce, "Alhaji, kafin ka tambayi kuɗi, ka fara tambayar wace jarrabawa yaro zai zana a ƙarshe." Daga bakinsa na fara jin bayanin NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci da aka kafa a 1992, mai hedikwata a birnin Benin na jihar Edo. Yaron da ya gama aji uku na ƙaramar sakandare yana iya shiga kwalejin fasaha ya yi shekara 3, daidai da shekarun da sa'o'insa za su yi a babbar sakandare, sannan ya zana jarrabawar NABTEB ya karɓi takardar NTC. Takardar tana ɗauke da sana'ar da ya koya tare da Turanci da lissafi da darussan kimiyya, kuma idan ya ci da kyau yana iya zana JAMB da ita ya nemi kwalejin kimiyya da fasaha ko jami'a. Da na maimaita wa mahaifiyarsa wannan magana a daren, ta yi hamdala, domin abin da take tsoro ke nan, a rufe wa yaro ƙofar karatu.

Jihar Legas tana da irin waɗannan kwalejoji guda 5 a ƙarƙashin LASTVEB, hukumar ilimin fasaha da sana'a ta jihar: Agidingbi a Ikeja, Ikotun, Ikorodu, Epe da Ado-Soba ta wajen hanyar Badagry. Akwai kuma ta gwamnatin tarayya a Yaba, wadda ta faro a matsayin cibiyar koyon sana'a tun 1948, kuma NABTEB ce ke shirya jarrabawar shiga kwalejojin tarayya. Sana'o'in sun haɗa da wayarin, kanikanci, walda, gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, aikin famfo, gini, kafinta, ɗinki da girki, sai dai ba kowace makaranta ce ke da duka ba. A Legas nisa ma sai an sa shi cikin lissafi. Wanda ke zaune a Alaba Rago, Ado-Soba ce kusa da shi, ɗan Mile 12 kuma zai fara duba Ikorodu. Mu 'yan Agege muna da Ikeja a gefe, ga kuma jirgin ƙasa na jan layi da ya fara ɗaukar fasinja a 2024, wanda ke tsayawa a Agege da Yaba. Na rufe shago kwana uku na zaga uku daga cikinsu da ƙafata, tare da Abba, kuma a kowacce na roƙa a nuna mini ɗakin aiki kafin ofis. Wadda muka zaɓa ba zan faɗi sunanta ba, domin zan faɗi daɗinta da rashin daɗinta. Mun cike fom, muka kai sakamakon BECE da takardar haihuwa da hotuna da katin LASRRA na shaidar zama a Legas, aka kira shi tantancewa, Allah ya ba shi sa'a.

Abin da ya fi burge ni a wannan shekara shi ne yaron ya fara sanin dalili. A da idan ya gyara abu, gyarawa kawai yake yi, idan ka tambaye shi me ya lalace sai ya ce "waya ce". Wata rana a zango na biyu ya zo shago ya tsaya yana kallon soket ɗin da firjina ke ciki, ya taɓa murfin ya ji ɗumi. Ya kashe wuta daga babban makunni, ya gwada da testa ya tabbatar babu wuta, sannan ya kwance. Ya nuna mini cewa wanda ya yi mana aikin ya ja siririyar waya mai kaurin 1.5, irin ta ƙwan fitila, alhali soket 2.5 ake sa masa, kuma babu wayar ƙasa sam. Ya yi mini bayanin cewa idan wutar da ke bi ta fi ƙarfin waya, zafi take yi har robar jikinta ta narke, kuma daga nan gobarar kasuwa kan tashi. Shekara bakwai ina kwana ina tashi da wannan soket. Na tsaya ina kallonsa yana magana, na tuna yaron da aka ce ba ya gane karatu. Bai canza wayar shi kaɗai ba, ya ce malaminsu ya hana su yin irin wannan aiki ba tare da babba a kusa ba, sai muka kira mai wayarin na unguwa suka yi tare. Wannan taka-tsantsan ɗin ya ƙara mini yarda da malamin fiye da duk wani maki da ke cikin katin sakamako.

Suna koyon zanen fasaha, wanda ya sa yanzu yana iya karanta taswirar wayarin gida. Ya san launukan waya na da, ja da baƙi, da na yanzu, ruwan ƙasa da shuɗi, da kore mai ratsin rawaya na ƙasa. Lissafin da yake yi a da don a ci jarrabawa, yanzu da shi yake auna nauyin da janareta zai iya ɗauka.

Rashin daɗin kuwa, babba shi ne yawan ɗalibai a kan kayan aiki. Allon gwaji ɗaya yara da dama ke zagaye shi, mai kunya sai ya ƙare a kallo. Abba mai kunya ne, ga shi Yarbancinsa na kasuwa ne kawai, don haka makonnin farko a baya yake tsayawa. Ranar da babu wuta kuma, darasin aiki yakan koma na allo. A nan maganar Yayana ta fito, kuma na je har gida na gaya masa haka. Mun samo wani mai wayarin a unguwa, mutumin kirki, Abba yana bin sa duk Asabar da lokacin hutu. A wurinsa ya koyi fasa bango, jan waya a cikin bututu, da yadda ake magana da mai gida idan ya ce kaya sun yi tsada. Makaranta ba ta koya masa waɗannan da yawa ba, shi kuma ogan ba ya iya faɗin dalilin rabin abin da yake yi. Wani lokaci Abba ne ke yi masa lissafin.

Batun kuɗi, kada kowa ya ji "kyauta" ya saki jiki. Ban biya kuɗin karatu ba, gaskiya ne, amma na sayi yunifom, rigar aiki, takalmin kariya, allon zane da kayansa, filaya, sukudireba da mita. Mafi nauyi shi ne kuɗin mota da na abinci na kullum, musamman tun da man fetur ya tashi a 2023. Ƙarfe shida na safe yake barin gida saboda cunkoso. Islamiyyar yamma ta gagara, sai muka mayar da haddarsa bayan Asuba da ranar Lahadi. Sallar Azahar yana yin ta a makaranta tare da sauran yara Musulmi, ba a taɓa hana su ba.

A zagayen da na yi na ga 'yan mata sanye da rigar aiki, har a ajin wayarin. Yaran Hausawa ne ban gani da yawa ba, duk da yawanmu a Agege da Idi-Araba da Mile 12, kuma abin ya tsaya mini a rai, domin na san samari masu basira a layinmu da ke tsaye bakin titi suna jiran fasinja.

Idan maki zan bayar, huɗu cikin biyar ne, ɗayan na riƙe shi saboda ƙarancin kayan aiki. Ga yaron da hannunsa ke ƙaiƙayin aiki kuma yana iya lissafi, zan sake zaɓar wannan hanya, da sharaɗin a haɗa masa da oga na gari. Wanda ba ya son sana'ar kuwa, aka tura shi don kawai makinsa bai kai ba, zai sha wahala, domin darussan kimiyyar ba wasa ba ne.

Abba ya shiga shekara ta biyu. Yana maganar koyon haɗa sola a hutu mai zuwa, kuma ya ce idan ya gama yana son neman Yabatech, wato kwalejin kimiyya da fasaha ta Yaba. Mahaifiyarsa ta riga ta fara adashe don kuɗin rajistar NABTEB, ni kuma na yi masa alkawarin akwatin kayan aiki nasa na kansa idan sakamakon wannan zangon ya fito da kyau.